Eka 300 na daji a bayan Kumawu: a saya ko a bari?

Zauren 'Yan Kasuwar Zango, Kumasi

Alhajin Alabar: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Wani dillali ya kawo mini maganar daji, eka 300, a bayan Kumawu idan ka nufi Drobonso. Ya turo bidiyo: manyan itatuwa, odum da wawa da maɗaci, ga rafi ya ratsa ta gefe, ya ce gada da mazo har bakin gona suke fitowa. A lissafinsa, katakon da ke tsaye a ciki kaɗai zai mayar mini da kuɗina, filin ya zama riba. Ni da ƙanena da ke Amurka za mu haɗa hannu. Tun abin da ya sami masu takardun bashin gwamnati a ƙarshen 2022, ga tsadar kaya da ta haura kashi 50 cikin ɗari a lokacin, hankalina bai ƙara kwanciya da barin sidi a banki ba. Ƙasa dai ba ta ruɓewa. Me kuka gani?

Mai Katako Sokoban: Wa alaikumus salam Alhaji. Tambaya ɗaya tukuna. Itatuwan nan shuka su aka yi, ko Allah ne ya fito da abinsa?

Alhajin Alabar: Dajin asali ne, ba wanda ya shuka.

Mai Katako Sokoban: To dillalin nan ya yi maka lissafi da kayan da ba nasa ba, ba na sarkin garin ba, kuma ko ka biya ba za su zama naka ba. A Ghana itacen da ya fito da kansa yana hannun gwamnati ko a tsakiyar gonarka yake. Ka sa zarto a gindin odum ɗaya ba takarda, 'yan gandun daji su kama motar a shinge, su kwashe katakon, su haɗa da injin. Mu da muke kasuwar katako ta Sokoban kullum muna ganin masu zuwa neman a taya su bikon mota.

Bogan Bronx: Salam. Ni ne ƙanen da ake magana. Yaya Mai Katako, wannan wace irin doka ce? A nan inda nake mutum ya sayi daji, itacen nasa ne, ya kira kamfani su auna su biya shi, kaka ta yi ya ba mafarauta haya. Don me zan sayi fili a ce bishiyar ciki ba tawa ba?

Lauyan Zango: Boga, barka da sanyi. Bari in shimfiɗa maganar daga tushe, don kalmar "saya" ita ce ke rikita mutane.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Ghana tana hannun sarakuna da dangogi ne. A yankin Asante ƙasar kujerar sarauta ce, sarki riƙon amana yake yi wa jama'arsa. Tsarin mulkin 1992, sashe na 267, ya hana a mallaka wa kowa ƙasar kujera mallaka ta har abada, Dokar Filaye ta 2020 kuma ta faɗaɗa hanin har kan filayen dangi. Abin da za ku samu haya ce ta shekaru. Ta gida ce ke kaiwa 99. Ta noma galibi ba ta wuce 50. Duk wanda ya ce muku "na sayar muku har jikokin jikoki", baki ne kawai.

Sai itace. Dokar 1962 ta ɗora ikon duk katakon da ya fito da kansa a hannun Shugaban Ƙasa, a madadin kujerun sarauta. Dokar 1997 ta ce ba mai sara sai da kwangilar cin katako, wadda kamfani mai rajista ke nema ta hannun Hukumar Gandun Daji, majalisar dokoki ta amince. Yanka katako da injin zarto don sayarwa an haramta shi tun 1998. Abin da ya fi ciwo: ana iya ba wani kamfani izinin itacen da ke cikin filinku. Sai da sa hannunku zai shiga, gaskiya ne, kuma zai biya diyyar amfanin gonar da ya tattake, amma kuɗin itacen kansa tsakanin Hukumar ne da kujera da majalisar gunduma. Shi ya sa manomin koko in ya ga ɗan odum ya tsiro a gonarsa yake tuge shi tun yana ƙarami.

Ƙarƙashin ƙasa ma haka. Zinariya ko wani ma'adini, sashe na 257 ya ce na Jamhuriya ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ikon Allah. Bishiya ba taka ba, zinariya ba taka ba, filin ma aro. To Alhaji me za ka biya wa kuɗi, iska?

Bogan Bronx: Hajiya kin riga ni.

Lauyan Zango: Akwai abin da ake biya wa, Hajiya. A 2002 an gyara dokar 1997, aka fitar da itacen da mutum ya shuka da hannunsa daga cikin abin da gwamnati ke bayarwa. Wanda ka shuka naka ne. Ƙofar da ta rage a buɗe ke nan, kuma ba ƙarama ba ce.

Boga, kai kuma wane fasfo kake riƙe da shi?

Bogan Bronx: Duka biyu. Ina da Ghana Card, katin ɗan ƙasa.

Lauyan Zango: Madalla, doka ta yarda da biyun. Wanda ba ɗan ƙasa ba hayarsa ba ta haura shekara 50 ko ta mene ce. In kuma kamfani za ku buɗe ku jawo abokanka na can, ku kula: hannun jarin baƙi ya wuce kashi 40, kamfanin ya zama baƙo a idon Dokar Filaye.

Baba Maharbi Ejura: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini. Na ji an ambaci gada da mazo shi ya sa na sa baki.

Alhaji, naman daji ba ya karanta takardar fili. Yau yana naka, gobe yana na maƙwabci. Kuma ko a cikin naka ka same shi, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a ƙasar nan gaba ɗaya, lokacin da dabbobi ke ɗauke da ciki da goyo. Gyazbi kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, akranten nan da ake rububinsa a kasuwar naman daji ta Atwemonom, shi ma sai da lasin. Bindigarka kuma sai da rajistar 'yan sanda, ana sabunta ta duk shekara. Akwai waɗanda ba a taɓa su ko yaushe, irin su ɗankunya da giwa.

Sannan wurin da ka faɗa, Bomfobiri na nan kusa da Kumawu, wurin ajiyar namun daji ne na gwamnati. Mu nan Ejura muna da gandun Kogyae a gefenmu. In ka ga nama ya yi yawa a wani daji a zamanin nan, ka tambayi dalili. Sau da yawa iyakar gandu ce kusa. Dajin da ba mai tsaro, 'yan fitilar goshi sun gama da shi tun tuni.

Safiyo: Baba ya taɓo inda nake so. Alhaji, bidiyo ba ya nuna iyaka. Ana iya tsayawa a bakin gandun gwamnati a juya waya ciki, a ce maka ga filinka. Ka nemi taswirar fili mai lambobin kusurwa, wadda safiyo mai lasin ya sa wa hannu. A ɗora ta a kan taswirar Hukumar Gandun Daji, a kai ta Hukumar Filaye a yi bincike a ga ko an riga an rubuta wa wani. Kuma "eka 300" ɗin nan da me aka auna? A ƙauye da igiya ake awo, igiyar wani gari ba ta kai ta wani ba. Na sha zuwa aikin da aka ce ɗari, na'ura ta ce saba'in da 'yan kai.

Alhajin Alabar: Dillalin ya ce odikro, wato mai garin ƙauyen, ne zai ba da takarda, kuma shi da kansa ya zaga da shi.

Lauyan Zango: Odikro mai gadin ƙasa ne, ba mai ita ba. Fili mai girman nan sai omanhene, wato babban sarkin yankin, da dattawan kujera sun sa hannu, sannan Hukumar Filaye ta yanki ta amince, in ba haka ba takardar ba ta tsayawa a kotu. Takardar rabon fili da ake ba mutum a fada ma ba ita ce hujjar mallaka ba, matakin farko ce. Sai an rubuta yarjejeniyar haya an yi mata rajista. Ku kuma bincika ko akwai rigimar sarauta a kan kujerar. In mutum biyu na jayayya, wanda ya ci zai ce bai san zancenku ba. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya sha sauke sarakuna a fadarsa ta Manhyia a kan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu da kuma galamsey, wato haƙar zinariya ba izini, wannan kaɗai ya ishe ku sanin cewa abin na faruwa.

Bayan kuɗin farko akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara, ana biya a ofishin mai kula da filayen kujeru. Ofishin na cire kashi 10, ragowar a raba: 25 ga kujera, 20 ga masarauta, 55 ga majalisar gunduma. Ku sa shi a lissafi, eka 300 ba fulotin gida ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa ban ga abin wahala ba. Kuɗin nan ka nemi fuloti a Sawaba ko Kenyasi ka zuba ɗakuna, kafin ka gama rufi masu haya sun biya shekara biyu. Kana gani da idonka, in famfo ya lalace ka aika yaro. Daji kuwa sai ka yi rabin yini a mota, damina ta sauka hanyar Drobonso ta gagara.

'Yar Tek: Hajiya ina kwana, a yi mini afuwa in saɓa miki kaɗan. Gandun daji nake karantawa a jami'ar KNUST. Ɗaki yana tsufa yana cin gyara, itacen tik (teak) kuwa yana tsufa yana ƙara kuɗi. Matsalar ita ce mutane na shiga da tunanin girbi, alhali aikin shuka ne.

Kawu Alhaji, in tik za ka shuka, tazarar da aka saba mita 3 ce ta kowane gefe, wato tushe 1,111 a hekta ɗaya, hekta kuma ta kusa eka biyu da rabi. Ba duka za su kai ƙarshe ba, da gangan ake rage su. Ana sassabe raunana a bar masu miƙewa su yi kauri, waɗanda aka cire su tafi turakun gini, na gaba su tafi falwayar lantarki. Babban girbi sai shekara 20 zuwa 25. Shekaru ukun farko su ne masu cin kuɗi: shema, maye gurbin waɗanda suka mutu, datse rassa don gungumen ya tashi ba ƙulli. A lokacin ana shuka masara ko wake ko doya a tsakanin layuka kafin inuwa ta rufe. Iri kuma kada a saya a bakin titi, a je FORIG, cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua, a nemi shawara. Irin banza sai bayan shekara goma za ka gane, lokacin da ka ga itacen ya karkace ya yi rassa tun daga ƙugu.

Kuma a yi wa gonar rajista a ofishin gandun daji na gunduma tun tana ƙarama. Ranar sara sai sun zo sun duba sun ba da takardar ɗaukar kaya, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa kai ka shuka.

Mai Katako Sokoban: Ƙanwata ta yi karatu, amma bari in ƙara abin da ba ya cikin littafi. Masu sayen tik na fitarwa yawancinsu Indiyawa ne, kauri suke biya ba yawa ba. Suna zuwa da tef, su auna tsakiyar gungume, su cire ɓawo, su cire farin gefe, su cire lanƙwasa, kafin su gama cire-cire rabin abin da ka ƙirga ya tafi. Kuma sun san mai gona in ya matsu. Yawancin mutanenmu ba sa kai shekara 20. Shekara ta takwas biki ya taso ko kujerar Makka, sai a sayar da gonar a tsaye a farashin turaku. Wanda ya saya ya jira shekara bakwai ya ci ribar wahalarka.

Wani abu kuma, in dillali ya ce akwai madobiya a ciki, kada ma ka tsaya sauraro. An sha hana saranta da fitar da ita, tana kuma cikin jerin itacen da duniya ta sa wa ido tun 2017.

Bogan Bronx: Shekara 20?! Yaya Alhaji, kai yanzu shekararka nawa?

Alhajin Alabar: Kai dai bari. Jikoki za su ci.

Malam na Aboabo: In jikoki suka ci ai ba a yi asara ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi ba, face an rubuta masa sadaka. Amma ina da gyara biyu. Na ɗaya, cinikin da dillali ya kawo, in an sa kuɗin itatuwan asali a cikin farashi, ya shiga sayar da abin da mutum bai mallaka ba, kuma Annabi (SAW) ya hana. A cire su daga lissafi, a yi ciniki a kan hayar ƙasa zalla. Na biyu, ku 'yan'uwa biyu ku rubuta rabon kowa da shaidu tun yau. Shekara 25 tana da tsawo, 'ya'yanku ne za su zauna a kan maganar, wasu a Alabar wasu a Bronx, ba su ma san juna sosai ba.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, kwalbar da ake kai wa fada fa? Kowa ya san ba a shiga gaban Nana, wato sarki, hannu sake.

Malam na Aboabo: Ba a kai ta, Hajiya. Sarakunan Asante sun daɗe da zama da Musulmi, sun san ba ma ɗaukar giya. Ka gaya wa okyeame, mai magana da yawun sarki, tun a waje, ka yi gaisuwarka da kuɗi a ambulan da goro. Abin da suka yi da al'adarsu bayan ka fita ba da hannunka ba.

Baba Maharbi Ejura: Duk kun yi maganar takarda, ba wanda ya ambaci wuta. Ku yara ba ku ga 1983 ba. Fari ya haɗu da gobarar daji, gonakin koko suka ƙone ƙurmus, mutane suka ci abin da ba a ci. Yankin da Alhaji ke magana bakin daji ne da fako, ciyawa na fin mutum tsawo, hunturu ya busa ta bushe ƙayau. Mai neman gyazbi ya cinna, mai gawayi ya cinna, mai neman sabon tsiro wa shanu ya cinna. Akwai dokar hana ƙona daji tun 1990, amma doka ba ta kashe wuta da tsakar dare. Sai ka share hanyar wuta kewaye da gonar duk shekara kafin Disamba, kuma sai da mutum a zaune a wurin. Babban tik yana jure wuta, ƙarami kuwa toka ne.

Shanu ma a yi maganarsu a fili, tun da mu ne a nan. Rigimar manoma da makiyaya ta Agogo ba a ɓoye take ba, har sojoji aka kai. Kai Bahaushe Musulmi ka karɓi eka 300 a wannan yanki, wasu za su ce shanu za ka kawo. Ka faɗa wa fada da mutanen gari abin da za ka shuka tun ranar farko, a rubuta shi cikin takarda.

Ɗan Asawase: Baba ya faɗi gaskiya. Kakana yana cikin waɗanda dokar korar baƙi ta Firaminista Busia ta shafa a 1969, mako biyu aka ba su, ya bar gonar koko ba takarda ko ɗaya. Mu 'yan Zango ba mu da kujerar da za ta tsaya mana a ƙauye, takarda ce danginmu.

Lauyan Zango: Takarda da zama a wuri. Wani ya shiga filinka ya yi shekara 12 yana nomawa a fili ba ka ce uffan ba, dokar 1972 ta rufe maka bakin ƙara. Kuma kafin ku biya ku zaga da ƙafa ku ga su wa ke ciki. Dajin da ake ce wa "ba kowa" galibi akwai masu abunu da abusa a ciki, masu noma a raba biyu ko uku da mai ƙasa, wasu tun iyayensu. Ba a korarsu da takardar haya, haƙƙinsu na nan.

'Yar Tek: Su ne ma za su fi amfani, Kawu. Gwamnati da kanta haka take yi a gandunan da suka lalace: manomi ya shuka abincinsa tsakanin itatuwa yana kula da su, ranar girbi yana da kashi 40, Hukumar Gandun Daji 40, masu ƙasa 15, gari 5. Mutumin da ke da rabo a itace ba ya barin wuta ta ci shi. Mai albashin wata kuwa in ya ga hayaƙi kekensa zai hau. Ni da za a ji tawa, kada a fara da 300. A karɓi abin da za a iya shukawa a kula da shi cikin shekara biyu, a sa kashu a wani ɓangare don shi yana fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, ya riƙa biyan leburori, a rubuta a yarjejeniya cewa in an ƙara nema za a ba ku na gefe.

Mai Katako Sokoban: Kashu a Kumawu? Wannan na Wenchi da Techiman da Sampa ne. Can masu saye suke.

'Yar Tek: Ta ɓangaren Drobonso ƙasar ta fi kama da ta Ejura, Yaya. Amma a gwada ƙasar tukuna, ban musa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ina kan ɗakunana. Rafin nan da ake yabo ma, ku duba launinsa. In 'yan galamsey suka ji ƙanshin zinariya a sama da ku, ku tambayi masu gona a bakin kogin Offin yadda ta kaya.

Bogan Bronx: To ni farautar ce ta ja ni tun farko. In zo hutun Disamba in shiga dajina da bindiga.

Baba Maharbi Ejura: Ka zo Ejura bayan ɗaya ga wata, ka yanki lasin, in haɗa ka da yarana. Wannan ba ya bukatar ka sayi ko taki ɗaya. Ka dai iya bismilla kafin ka danna kunama.

Alhajin Alabar: Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka. Yanzu na kira dillalin na nemi taswira da sunan kujerar da ke da ƙasar. Ya ce taswira sai an ba da rabin kuɗi, wai akwai wani daga Akra da ke jira, zuwa Juma'a in ban motsa ba ya ba shi.

Safiyo: Ba sai ya ba da taswira ba. Ka ce ya tsaya a kusurwa huɗu na filin ya turo maka alamar wuri ta WhatsApp daga kowace. Minti goma ya ishe ni in gaya maka ko cikin gandu ne.

Lauyan Zango: Sunan kujerar fa, ya faɗa?

Alhajin Alabar: Ya ce zai tambayo.

Mai Katako Sokoban: Asabar ina da lodi a Kumawu. In za ka bi ni mu leƙa, ka same ni a Sokoban bayan Asuba, ka zo da takalmin roba. Safiyo, na'urarka na aiki inda ba sabis?

Safiyo: Tana yi. Ku ajiye mini kujerar gaba.